Abin da Littattafan Bincike Suka Gano Game da Duka a Gidan Aure

A wannan fili mun saba kawo muku bayani a kan zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Yau za mu duba wata cuta wadda ita ma take kai mutane gidan likita, amma ba a cika faɗin sunanta a can ba. Mace ta zo da kumburin ido, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Wata ta zo da targaɗe, ta ce santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. Ungozoma ta san ba haka ba ne, mai ciwon ma ta san an gane, kowa ya yi shiru. Muna nufin duka da cin zarafi tsakanin miji da mata.

Rubutu iri biyu ne ke zuwa hannun wanda ya iya karatu. Akwai ƙagaggen labari, ɗan uwan tatsuniya, wanda marubuci ya tsara daga kansa. Akwai kuma rubutun gaskiya, wato rahoton bincike, da littafin likita, da kundin doka. Mai irin wannan rubutu dole ne ya faɗi wanda ya tambaya, da inda ya tambaye shi, da shekarar da aka yi. A kan zancen duka an yi irin wannan rubutu da yawa. Mafi yawansa da Faransanci da Ingilishi yake, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku abin da ke ciki da Hausa, tare da yadda ake karanta shi.

Me ya sa sai an karanta, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo? Dalili shi ne, mai ɗaki ɗakinsa kaɗai ya sani. Matar da ake duka tana ganin abin nata ne ita ɗaya, ko dai laifinta ne, ko rabonta ke nan. Mai bincike kuwa ya saurari mata ɗari, ya saurari dubu, sai ya ga labarin nasu yana bin hanya guda. Manomi ma haka yake da ƙuduji. In ya tsaya ga gonarsa, sai ya ce ƙasa ce ta gaji. Sai malamin gona ya nuna masa cewa ciyawar ta daɗe tana tsotson saiwar hatsin a ƙarƙashin ƙasa, tun kafin furenta ya fito fili.

Lissafi, da yadda ake karanta shi

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta tattara binciken ƙasashe da yawa ta fitar da rahoto a shekarar 2021. Ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko tilastawa ga kwanciya a rayuwarta, kuma galibi daga hannun miji ne ko saurayi. Wato abin bai tsaya ga talaka ba, bai tsaya ga baƙar fata ba. Akwai shi a Faransa, akwai shi a Amurka, akwai shi a gidan attajiri da gidan mai ilimi.

A nan Nijar, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa ta yi babban binciken lafiyar jama'a a shekarar 2012. An tambayi mata fiye da dubu 11, masu shekara 15 zuwa 49. Cikin tambayoyin akwai wannan: shin daidai ne miji ya doki matarsa in ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba ta faɗa masa ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa? Cikin kowace mace 100, kimanin 60 suka ce daidai ne, ko da a kan dalili ɗaya daga cikin biyar ɗin. A binciken 2006, su 70 ne suka ce haka. Da aka yi wa maza tambayar a 2012, kimanin 27 cikin 100 ne suka ce daidai ne.

A nan ake son mai karatu ya tsaya ya natsu. Wannan lissafi bai ce mata 60 cikin 100 ake duka ba. Ra'ayi aka tambaya, ba a ƙirga tabo ba. Wanda ya yi gaggawa zai ɗauki lambar ya kai ta fada da ma'anar da ba tata ba. Saboda haka duk lokacin da kuka ga lamba a takarda, ku nemi tambayar da aka yi kafin lambar ta fito.

Abin da lissafin ya nuna kuwa yana da nauyi. Mata sun fi maza yarda da a doke su, har ninki biyu. Ta yiwu wasu mazan kunya ta hana su faɗin abin da ke ransu gaban baƙo mai riƙe da takarda. Amma a ganinmu babban dalilin yana cikin tarbiyya. Tun ranar da aka kai yarinya ɗakinta, nasihar da ta fi ji ita ce ta yi haƙuri, ta yi biyayya, kada a ji bakinta. Wannan bincike na 2012 ya nuna cewa cikin ƴan mata 100 a ƙasarmu, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta shiga gidan miji ba ta gama girma ba, duk abin da ta tarar a can shi za ta ɗauka aure.

Zagayen da ke komowa

A shekarar 1979 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Lenore Walker, ta wallafa littafi bayan ta daɗe tana sauraron matan da mazansu ke duka. Ta lura cewa a gidaje da yawa abin yana zagayawa ne kamar damina da rani. Da farko hadari ke haɗuwa. Mai gida ya ɗaure fuska, komai ƙanƙantar abu sai ya yi faɗa, matar tana taka-tsantsan, tana kawar da yara daga gabansa. Daga nan sai hadarin ya zuba, a yi dukan. Bayan haka sai sanyi ya biyo. Ya ba da haƙuri, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya sayo turmin zane ko tsire, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Matar ta ce to, ga mijina na gaskiya ya dawo. Kwana kaɗan hadari ya sake haɗuwa.

Wannan bayani ya amsa tambayar da mutane suka fi yi: in da gaske yana cutar da ita, me ya sa take komawa? Mun san yadda abin yake a wajenmu. Ta yi yaji, ya aiko da biko, da goro da magana mai daɗi. Iyaye su ce ai ya gane kurensa, ki koma ɗakinki saboda ƴaƴanki. Lokacin biko shi ne lokacin sanyin nan da Walker ta bayyana. Akwai bikon gaskiya wanda ake yi sau ɗaya a shirya har tsufa. Amma in uba ya ƙirga ya ga wannan ne biko na huɗu a kan duka, to ya san zagaye yake kallo.

Masu binciken da suka zo daga baya sun nuna ba kowane gida ke bin wannan tsari ba. A wani gidan babu ban haƙuri ko kaɗan. Wannan ma darasi ne ga mai karatu: littafi ɗaya ba ya ƙare magana, na baya yakan gyara na gaba.

Duka ba da sanda kaɗai ba

A garin Duluth na Amurka, a shekarar 1984, wasu ma'aikata suka riƙa zama da ƙungiyoyin matan da aka ci zarafinsu, suna rubuta abin da matan ke faɗi. Daga nan suka zana wani hoto mai kama da ƙafar keke, wanda yanzu an fassara shi cikin harsuna da yawa. A tsakiya suka rubuta iko da mallakewa. A da'irar waje suka rubuta duka da tilastawa ga kwanciya. Tsakaninsu akwai wayoyi 8, wato hanyoyin da ake bi a danne mutum ba tare da an taɓa jikinsa ba. Akwai tsoratarwa da zare ido da fasa kaya. Akwai zagi da wulaƙanci, har mace ta ɗauka ita ba kowa ba ce. Akwai raba ta da danginta da ƙawayenta, da yi mata barazana da saki ko ƙwace yara, da ɗora mata laifin dukan da aka yi mata. Akwai kuma riƙe mata dukiya.

Wannan na ƙarshe ya kamata mu tsaya a kansa, don ya shafi gona da rumbu. A ƙasar Maraɗi an san gandu na gida ne, gamana kuwa ta mace ce, abin da ta noma a ciki nata ne. Akuyar da ta saya da kuɗin adashi tata ce. In mai gida ya kama akuyar ya kai kasuwa ba da yardarta ba, ko ya kwashe gyaɗar gamanarta ya biya bashinsa, ko ya rufe rumbu ya tafi cin rani bai bar wa iyali abin dakawa ba, ba a ga jini ba, amma an cuce ta. Wasu masu bincike biyu, Marthe Doka da Marie Monimart, sun rubuta a shekarar 2004 yadda ƙarancin ƙasar noma a kudancin Nijar yake sa mata suna rasa gamanarsu. Macen da ba ta da gona, ba ta da dabba, ba ta da jari, in dukan ya yi tsanani ina za ta nufa, kuma da me? Shi ya sa muke ganin ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maraɗi a 1991, suna da amfanin da ya wuce na rance. Mace mai ɗan abin hannunta, wadda ke zama da ƴan uwanta mata kowane mako, da wuya a kulle labarinta.

Littattafan sun kuma yi magana a kan dalilan da ake bayarwa. Giya da ƙwaya irin tramol suna ƙara wa abin muni, talauci da yunwar bazara suna sa rai ya yi zafi. Amma ga tambayar da masu binciken suka yi: mutumin da ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, me ya sa ba ta ɗebe shi gaban mai gari ko jandarma ba? Ya san wanda zai iya duka ya kwana lafiya. Tuwon da ya ƙone hujja ce kawai, don in bai ƙone ba za a samo wata. Zo mu zauna zo mu saɓa gaskiya ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Saɓani kuwa na mutum biyu ne masu iya mayar wa juna magana. Inda ɗaya ke rawar jiki in ya ji takun ɗayan, an wuce saɓani.

Mu ƙara da cewa akwai mazan da matansu ke cin zarafinsu, akwai kishiya mai azabtar da ɗan kishiya, akwai ƴar aiki da ake duka. Duka cuta ce ko a hannun wa ta fito. Sai dai lissafin ya nuna mata ne suka fi jin rauni mai tsanani, su ne kuma suka fi rasa rai.

Abin da yake yi wa jiki

OMS ta ce matan da mazansu ke cin zarafinsu sun fi sauran mata yin ɓari da haihuwar bakwaini. In aka samu ɓari 100 cikin wasu mata, cikin adadinsu na waɗanda ake cin zarafi za a samu kamar 116. A wajen bakwaini kuwa, 100 yakan koma kamar 141. Ciwon damuwa mai hana barci da cin abinci ya kusa ninkawa a wajensu. Yaran da suka tashi suna gani su ma abin yana binsu: namiji ya fi zama mai duka in ya girma, mace ta fi ɗaukar dukan a matsayin abin da aka saba.

Akwai raunukan da ba a jira da su. Mai ciki in aka buge ta, ta ga jini, ko cikin ya riƙa murɗawa, ko ɗan ya daina motsi, a kai ta gidan likita a ranar. Wadda aka buga a kai, ta riƙa amai, ko barci ya riƙa fizgarta, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ita ma haka. Mari mai ƙarfi yana iya fasa dodon kunne, kada a ɗiga mai ko wani magani a ciki sai malamin asibiti ya duba. Wadda aka yi wa fyaɗe ta je kafin kwana 3 su cika, wato awa 72, don a cikinsu ne maganin kariya daga ƙwayar cutar sida ke aiki. A kowane hali a nemi takardar shaidar likita a adana, ko da ba a yi niyyar kai ƙara ba a lokacin.

Shaƙe wuya ya fi kowanne ruɗin mutane, domin sau da yawa ba ya barin tabo. Ana gane shi da dishewar murya, da wahalar haɗiya ko numfashi, da jan ɗigo a cikin ido. Kumburin maƙogwaro yana iya tasowa bayan awoyi, mutum yana ganin ya tsira. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka kamar sau 7. Sauran alamun da masu bincike suka tara su ne: ya taɓa zare mata wuƙa ko adda, ya ce zai kashe ta, ya doke ta da ciki, kishinsa ya kai ga bin sawunta, ko dukan yana ƙara yawa yana ƙara tsanani. Sun kuma gano cewa lokacin da mace ta yi niyyar tafiya, da watannin farko bayan ta tafi, suna cikin mafi haɗari. Saboda haka wadda ta ga waɗannan alamu kada ta yi shelar tafiyarta cikin faɗa. Ta shirya da wani nata wanda ta amince da shi, ta kai takardun haihuwar yara da ɗan kuɗinta can tun da wuri.

Namu rubutun

Wani zai ce wannan duk maganar Turawa ce. To mu duba gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar da yau take jahar Tawa, ya rubuta littafi mai suna Nurul Albab. A ciki ya zargi mazan da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, suna mora su kamar kayan aikin gida. Cikin hadisan da Imamu Muslim ya tara, Nana A'isha ta ba da shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, matar da mijinta ke cutarwa tana da damar kai ƙara gaban alƙali, in cutarwar ta tabbata ya raba auren. Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya sa ɗauri da tara a kan duka da raunata mutum da gangan, bai kuwa ce ban da matar aure ba.

Yadda za a karanta a gari

Irin wannan karatu ya fi daɗi cikin jama'a. A ajin yaƙi da jahilci, ko wajen taron asusu, mutum ɗaya ya karanta, saura su saurara, a tsaya a tattauna. Takardar da ke da Faransanci a nemi malamin aji, ko ungozomar gidan likita, ko ɗan lakwal mai hankali ya fassara. Maza ma su karanta a fadarsu. A jahar Damagaram an fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama suna koyon abin da ya shafi lafiyar matansu, har abin ya bazu zuwa wasu jahohi. Namiji yakan fi jin magana daga bakin ɗan uwansa namiji. Daga 25 ga Nuwamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 1999 don yaƙi da cin zarafin mata, zuwa 10 ga Disamba, lokaci ne mai kyau na irin wannan zama, ga shi an gama aikin kaka.

Sai dai a kiyaye. Kada a mayar da wata mace a cikin aji abin misali, kada a kama sunan gidan kowa. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya nan. Wadda ta ji labarin ya yi kama da nata, kada ta ɗauki takardar ta je ta nuna wa mai gida cikin fushi, don takarda ba ta tare mari. In kuma wata ta zo muku da kukanta, littafin da OMS ta yi wa ma'aikatan lafiya a 2014 ya ce a fara da saurare, ba tare da tsawa ko tuhuma ba. A nuna mata an yarda da maganarta, a tambaye ta abin da take bukata, a duba ko za ta kwana lafiya a daren nan. Kada a yanke mata shawara, ita ta san gidan.

Wadda ta koyi riƙe bik tana da wani abin yi kuma. Wata malamar jinya a Amurka, Jacquelyn Campbell, ta tsara hanyar auna haɗari a tsakiyar shekarun 1980, kuma matakinta na farko shi ne a ba mace kalanda, ta sa alama a ranakun da aka doke ta cikin shekarar da ta wuce, da lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsananin abin. Dalili shi ne, zuciya takan rage lissafi don ta samu ta zauna. Ɗan kaye ya isa wannan aiki. A rubuta rana da wata, da abin da aka buge ta da shi, da inda ta ji ciwo, da wanda ya gani. Wadda ba ta riƙe kwanan wata ba ta kwatanta da ranar kasuwa, ko Salla, ko lokacin shuka. Kada kayen ya kwana a ɗakin. A ajiye shi wajen uwa, ko yaya, ko ƙawar da ba ta da surutu, tare da takardar shaidar likita.